Tazarar haihuwa: me ya sa Cocin Katolika ta yarda da lissafin kwana amma ta hana allura?

Ɗan Tudun Wada:
Salama gare ku 'yan guruf. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, ina so mu tattauna ta da hankali ba da zagi ba. Ni a gidan Katolika aka haife ni, aka yi mini baftisma, na karɓi jibi, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci, saboda haka kada wani ya ce daga waje nake jifa. Maganar ita ce koyarwar Coci a kan hana ɗaukar ciki. Coci ta ce ƙwaya zunubi, allura zunubi, ashanar hannu da ake sa wa mace a ƙarƙashin fata zunubi, kwaroron roba zunubi, ko da tsakanin miji da matarsa ta aure ne. Amma ta ce in kun lissafa kwanakin da mace za ta iya ɗaukar ciki kun ƙaurace wa juna a kwanakin to babu laifi. To gida biyu ne, dukansu ba sa son ciki bana, niyyarsu ɗaya, ɗaya sun riƙe kalanda ɗaya matar ta je an sa mata ashana, me ya sa gida ɗaya ya tsira ɗayan ya zama na masu zunubi?

Ni dai yanzu yadda nake auna abu mai kyau da marar kyau shi ne wa ya cutu, wa ya amfana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya ke nan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan aure kashi 12 cikin 100 kawai ke amfani da hanyar zamani, kuma kashi 19 suna so su huta ko su tsaya amma ba sa amfani da komai. Ban ce Coci ce ta kashe su ba, a'a, amma a ƙasa irin wannan a ce wa mace allura zunubi ne, ni wallahi na kasa ganin alherin.

Baba Katikis:
Ɗana na ji ka, kuma na ji daɗi da ka kawo ta cikin ladabi. Amma ka fara da kuskure. Coci ba ta taɓa cewa niyya kaɗai ake dubawa ba, ana duba hanyar da aka bi ma. Wasiƙar da Fafaroma Paul na 6 ya fitar a watan Yuli 1968, Humanae Vitae, ta ce kwanciyar aure tana da ma'ana biyu da Allah ya ɗaure tare, haɗa kan miji da mata da kuma buɗe ƙofa ga rai, mutum ba shi da ikon raba su da hannunsa. Mai lissafin kwana bai raba komai ba, ya dai haƙura a lokacin da jikin matarsa yake shirye, Allah ne da kansa ya sa kwanakin da mace ba ta ɗauka. Mutum biyu suna son rage ƙiba, ɗaya ya yi azumi, ɗaya ya ci ya ƙoshi ya sa yatsa ya amayar, niyyarsu ɗaya amma ai ba za ka ce aikinsu ɗaya ba. Kuma wasiƙar nan ba ta ce a yi ta haihuwa ba lissafi ba, ta ce iyaye su duba lafiyarsu da ƙarfin aljihunsu. Fafaroma Francis ma a 2015 yana dawowa daga Filifin ya ce ba sai Katolika sun riƙa haihuwa kamar zomaye ba.

Ɗan Tudun Wada:
Baba da girmamawa, mai amai yana cutar da cikinsa da maƙogwaronsa, shi ya sa muka san abin ba kyau. Nuna mini cutar da matar da ta huta shekara uku ta yi wa wani. In babu cuta to misalin bai zauna ba.

Anti Nas Bukuru:
Bari in sa baki don ni wannan aikina ne, kuma ni ma 'yar Katolika ce, ina Zumuntar Mata har gobe. Baba Katikis abin da ka faɗa a takarda yana da kyau amma ku maza ba ku zama a ɗakin awo. Lissafin kwana yana aiki, ban musa ba, amma yana da sharuɗɗa. Carbin nan na lissafi da ake rabawa, sai macen da al'adarta ke zuwa tsakanin kwana 26 da 32, kuma daga rana ta 8 zuwa ta 19 babu kusantar juna, kwana 12 ke nan kowane wata ban da kwanakin jini. Hanyar Billings kuma ta duba ruwan gaba tana buƙatar koyo sosai, kuma macen da ke shayarwa ko mai ciwon sanyi alamun sukan rikice mata, alhali mai shayarwar ita ce ta fi kowa buƙatar hutun. A yadda mutane ke yi a zahiri, cikin mata 100 masu lissafi ana iya samun har sama da 20 su ɗauki ciki a shekara, ashana kuwa ko ɗaya ba ta cika ba cikin 100.

Amma duk wannan ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne lissafi aikin mutum biyu ne. Mace ta zo mini hawan jini ya kusa kashe ta a cikin da ya wuce, ta yi jijjiga, an yi mata tiyata sau uku, likita ya ce kada ta ƙara nan kusa, na zauna na koya mata lissafi ta iya tsaf, sai ta kalle ni ta ce Anti to in ya dawo da dare ya sha burkutu wa zai karanta masa kalandar. Me zan ce mata dan Allah? Ku gaya mini.

Maman Tagwaye:
Anti Nas ni fa Billings muke yi da maigidana tun bayan 'yan biyun nan kuma lafiya lau, babu ƙwaya babu allura, jikina nawa ne yadda Allah ya yi shi. Ƙanwata ta yi allurar wata uku jini ya yi ta zuba mata ba tsayawa, wata ƙawata kuma al'adar ta ɗauke gaba ɗaya ta shiga damuwa. Wannan ma a faɗa mana. Kuma gaskiya lissafin ya sa ni da shi muna magana a kan abin da da kunya ba ta bari mu yi.

Anti Nas Bukuru:
Maman Tagwaye gaskiya kika faɗa, allura tana rikita jini ga mata da yawa, wasu ta sa su ƙiba, kuma bayan an daina takan ɗau watanni kafin ciki ya shiga, duk muna gaya musu kafin mu yi, wadda ba ta karɓe ta ba a canza mata wata hanyar. Ke Allah ya ba ki miji mai jin magana, ki gode masa. Ba duka aka yi wa wannan gatan ba.

Tsohon Ɗan Seminari:
Akwai tarihin da ba a cika faɗa mana a katikisim ba kuma ya kamata a sani. Har zuwa 1930 kusan duk ɗarikun Kirista sun hana. A shekarar ne bishof-bishof na Angilika a taronsu na Lambeth suka ce ma'aurata za su iya in akwai dalili mai ƙarfi, sai Fafaroma Pius na 11 ya mayar da martani a ƙarshen shekarar da wasiƙar Casti Connubii ya ce sam. Lissafin kwanan ma sai a 1951 Pius na 12 ya fito fili ya amince da shi a jawabinsa ga ungozomomi. Da ƙwaya ta fito a Amurka a 1960, ɗaya daga cikin likitocin da suka samar da ita, John Rock, cikakken ɗan Katolika ne mai zuwa coci kullum, shi a ganinsa ƙwayar tsawaita kwanakin da mace ba ta ɗauka kawai take yi don haka Coci za ta karɓa.

Fafaroma John na 23 ya kafa kwamiti a 1963 ya duba maganar, Paul na 6 ya faɗaɗa shi har ya kai mutum 72, da bishof-bishof da malaman tauhidi da likitoci da ma'aurata. A 1966 mafi yawansu suka ce a sassauta. Rahoton ya fita jaridu a 1967, duniya ta ɗauka canji ya zo, sai a 1968 Fafaroma ya ajiye ra'ayin masu rinjaye ya bi na 'yan tsiraru. Abin da ya tsaya mini a wuya tun ina makaranta shi ne hujjar 'yan tsirarun, sun rubuta cewa in Coci ta canza to ta yarda ke nan a 1930 Ruhu Mai Tsarki yana tare da 'yan Angilika ba ita ba, kuma ta ɗora wa mutane nauyin zunubi a banza shekara da shekaru. Wannan ai tsoron zubewar martaba ne, ba maganar lafiyar mace ko aure a ciki. A 1968 ɗin ma bishof-bishof na Kanada da na Jamus sai da suka fitar da sanarwa cewa wanda ya yi nazari da gaske ya kasa karɓa zai iya bin lamirinsa.

Baba Katikis:
Kwamiti shawara yake bayarwa, Coci ba majalisar dokoki ba ce da za a ƙirga hannu. Kuma tunda ka kawo tarihi ka kawo shi duka. Paul na 6 ya yi gargaɗi a cikin wasiƙar, ya ce in abin nan ya yaɗu cin amanar aure zai yi sauƙi, maza za su daina ganin darajar mace, kuma gwamnatoci za su mayar da shi makami su tilasta wa talakawa. Me ya faru a Indiya tsakanin 1975 da 1977, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa dole? Me Sin ta yi da dokar ɗa ɗaya har zuwa 2015? A Peru lokacin shugaba Fujimori matan ƙauye nawa aka ɗaure wa mahaifa ba da cikakken saninsu ba? A lokacin wa ya ɗaga murya in ba masu addini ba. Ku 'yan boko kuna ganin duk abin da Turawa suka kawo da kuɗin tallafi alheri ne.

Ɗan Tudun Wada:
Baba abin da aka yi a Indiya da Sin da Peru zalunci ne babba, ba na kare shi ko kaɗan. Amma me ya sa ya zama zalunci? Saboda an ƙwace wa mutum hukunci a kan jikinsa. To wanda ya ɗaure mace dole da wanda ya tsorata ta da wuta don kada ta huta, dukansu sun yanke mata hukunci ba su tambaye ta ba. Kuma Coci ba ta tsaya ga 'ya'yanta kaɗai ba. A Ailan doka ta hana sayar da kayan hana ɗaukar ciki da shigo da su tun 1935, sai da wata mata mai 'ya'ya huɗu da likita ya ce wani cikin zai iya kashe ta ta kai ƙara har kotun ƙoli ta yi nasarar samun damar shigo da su don amfanin kanta a 1973. A Filifin bishof-bishof sun yi shekaru sama da goma suna yaƙar dokar da za ta ba talakawa kayan tazara a asibitin gwamnati, sai 2012 aka sa mata hannu. Mai kuɗi a Manila dama yana saye a kemis, wadda aka hana ita ce talaka.

'Yar COCIN Kabong:
Mu dai a cocinmu ta COCIN, da ba ta Katolika ba, ba a hana ba, a taron mata ma akan kira nas ta yi mana bayani. Littafi ɗaya muke karantawa da ku, ni ban ga ayar ba.

Baba Katikis:
Farawa sura 38 'yata, labarin Onan.

Tsohon Ɗan Seminari:
Baba Onan an umarce shi ya haifa wa ɗan'uwansa da ya mutu magaji ta wurin Tamar, ya ƙi don ya san ɗan ba zai zama nasa ba, sai ya riƙa kwana da ita yana zubarwa a ƙasa. Malaman Littafi da yawa har da na Katolika sun ce laifinsa cin amanar ɗan'uwansa da matar ne. Shi ya sa ita kanta Humanae Vitae ba a kan wannan ayar ta jingina ba, a kan dokar halitta ta jingina, irin tunanin Toma Akwinas, cewa kowace gaɓa akwai abin da aka yi ta dominsa kuma hankali kaɗai ya isa ya gane. A nan ne masu suka suke kama ta. David Hume ɗan Sikotilan tun ƙarni na 18 ya ce daga yadda abu yake ba za ka tsallaka kai tsaye ka ce haka ya wajaba ya kasance ba. Halitta ce ta sa ƙugun wata yarinya ya yi wa kan jariri kaɗan, muna yanka ciki mu ciro shi, ba wanda ya ce mun saɓa wa halitta. Zafin naƙuda halitta ne, muna ba da magani. Kuma in da gaske hankali kaɗai ya isa ya gano hanin nan, me ya sa Yahudawa da Musulmi da sauran Kirista da mafi yawan 'yan kwamitin Fafaroma da kansa duk hankalinsu bai gano ba?

Malam na Gangare:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, ba addinina ba ne amma maƙwabtaka ta sa zan ce wani abu. A wurinmu akwai hadisin Jabir a Bukhari da Muslim cewa sahabbai suna yin azalu alhali Alƙur'ani yana sauka, wato zubarwa a waje, kuma ba a hana su ba. Imam Gazali ya halatta shi har saboda lafiyar mace ko tsoron ƙunci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce ma'aurata za su iya jinkirta ciki na wani lokaci in sun yarda su biyu kuma ba cutarwa, amma yanke haihuwa gaba ɗaya ba ya halatta sai da larura, kuma gwamnati ba ta da ikon yanka wa mutane adadin 'ya'ya. To a wannan gaɓar na fi kusa da Anti Nas.

Amma ɗan'uwana na Tudun Wada inda zan rabu da kai shi ne ma'auninka. Ka ce kai dai cuta da amfani kake dubawa. Wa zai faɗa maka mece ce cuta? Saurayi da budurwa su yi zina da kwaroron roba, ba ciki ba ciwo, a ma'auninka ba wanda ya cutu ke nan? A nan ni da Baba Katikis layinmu ɗaya, shi ya sa ma a taron yawan jama'a na Alƙahira a 1994 fadar Fafaroma da wasu ƙasashen Musulmi suka tsaya wuri guda a kan wasu batutuwa. In aka cire Allah daga tarbiyya kowa sai ya zama alƙalin kansa.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam Malam, na gode. Tambayarka tsohuwa ce, tun zamanin Girkawa Sokiratis ya yi ta, shin abu yana da kyau ne don Allah ya yi umarni da shi, ko Allah ya yi umarni da shi ne don yana da kyau? In na biyun ne to akwai dalili, kuma dalilin nan ya kamata a iya faɗa wa mutum ya gane. Hana kisa dalilinsa a fili yake, hana sata haka, cin amanar aure ma kowa ya san wanda ake cuta, matar da ke gida da yaran. Ni abin da nake nema ke nan a nan, dalili. Kuma ka duba, kai da Baba duk kun yi imani da Allah, amma kai ka ce allura ta halatta shi ya ce zunubi ce. Matar da ke tsakaninku da me za ta raba gardama in ba da hankalinta da abin da ta gani a jikinta ba? Maganar samari kuwa wata muhawara ce daban, ni a kan ma'aurata nake magana, kada a karkatar da ita.

Hajiyar Rikkos:
Ku duka kuna ta kawo Turawa da Girkawa, ku tambaye mu tsofaffi mana. Da can mace in ta haihu gidan iyayenta take tafiya wankan jego, wata sai ta yi watanni, kuma shayarwa shekara biyu ce cur, miji ba ya matsa mata don ana cewa nono zai lalace yaro ya yi ta zawo. Wadda ta yi kwanika har habaici ake mata a gidan suna. To tazara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kakanninmu sun yi ta. Amma me ya riƙe ta? Mijin yana da wata matar ko biyu, gida babba ne, uwar miji tana tsakar gida tana sa ido. Yanzu yaro da matarsa suna ɗaki ɗaya na haya a Anguwar Rogo ko Jenta, ba uwa ba kaka, arba'in na cika shi ke nan. Ku kuma Katolika mace ɗaya ce ba ƙari ba saki. An rushe abin da ke ba mace hutu a da, sannan a ce kada ta nemi na yanzu, ina za ta sa kanta?

Anti Nas Bukuru:
Hajiya Allah ya ƙara girma, kin gama magana. Shayarwa tana hana ciki amma sai in nono zalla ake ba yaro dare da rana, bai wuce wata shida ba, kuma al'ada ba ta dawo ba, ɗaya ya karye to kariya ta tafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin. Daga wata shida zuwa wata 24 nan ne ramin yake.

Sannan ba wanda ya taɓo maganar ƙanjamau. Muna da ma'aurata a garin nan ɗaya yana da shi ɗaya ba shi da shi. Yanzu alhamdu lillahi magani in ana sha daidai har ƙwayar cutar ta daina nunawa a gwaji ba a yaɗa ta, amma shekarun da babu maganin fa, da waɗanda ba sa sha a kan lokaci? A 2003 wani babban kadinal, Lopez Trujillo, ya ce ƙwayar cutar tana iya ratsa kwaroron roba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ƙaryata. A 2009 Fafaroma Benedict yana cikin jirgi zuwa Kamaru ya ce raba kwaroron roba ba ya magance matsalar, yana ma ƙara ta. Ranar na ji ciwo a raina don na san matan da na riƙe hannunsu suka mutu, kuma ba su taɓa sanin wani namiji ba sai mijinsu.

Baba Katikis:
'Yata ki yi adalci. Lokacin da dangi ke gudun mai ƙanjamau su waye suka wanke su suka binne su? Sistoci ne da asibitocin mishan, a nan Filato da duk Afirka. Kuma abin da Benedict yake nufi shi ne roba ba za ta maye gurbin kamun kai ba, har wani masani na jami'ar Harvard, Edward Green, ya fito a lokacin ya ce a Afirka rage yawan abokan kwana ne ya fi saukar da cutar, ya ba da misali da Yuganda. A 2010 kuma Benedict ɗin ya ce mai sayar da jiki in ya sa roba don kada ya harbi wani, wannan zai iya zama matakin farko na sanin ya kamata.

Anti Nas Bukuru:
Baba ban taɓa raina aikin sistoci ba, su suka koya mini aikin nan. Amma ka ji abin da ka faɗa, mai sayar da jiki an ce ya ɗau matakin kirki, matar aure mai aminci da mijinta ya kwaso mata ciwo ita har yau ba a fito an ce mata ki kare kanki ba. Bishof Kevin Dowling na Rustenburg a Afirka ta Kudu ya faɗa tun tuni cewa a irin wannan hali roba kare rai ce, don yana zaune cikin ma'aikatan ma'adinai yana ganin gawa.

Tsohon Ɗan Seminari:
Akwai kuma abin da kowa ya sani ba a faɗa. A Amurka binciken cibiyar Guttmacher na 2011 ya nuna kashi 98 cikin 100 na matan Katolika da suka taɓa sanin namiji sun taɓa amfani da hanyar da Coci ta hana. Italiya da Spain da Poland ƙasashen Katolika ne, haihuwarsu tana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, ba da kalanda suka yi ba. Su can sun ajiye dokar sun ci gaba da zuwa coci. Wadda ta ɗauke ta da gaske har take kuka wurin furta zunubi ita ce matar ƙauye a Shendam ko Pankshin. Dokar da mai ilimi da kuɗi ya tsallake ta faɗa kan marar ƙarfi, dole a tambayi adalcinta.

Maman Tagwaye:
Yawan masu karya doka ba ya sa doka ta zama ƙarya fa. Masu ƙarya ma sun fi yawa a duniya. Ni abin da nake gani a koya wa maza ne, a fara tun daga darasin aure, a daina barin mace ita kaɗai da nauyin.

Ɗan Tudun Wada:
Maman Tagwaye a koya musu, na yarda ɗari bisa ɗari. Amma kafin su koyu fa? Yayata ta haihu a wani asibitin mishan, ba zan faɗi suna ba, haihuwa ta biyar da tiyata, ta zubar da jini sosai sai da muka nemo leda uku. Da za a sallame ta likita ya ce kada ta kuskura ta sake ɗaukar ciki, ta ce to me zan yi, aka ce a nan ba ma yin wannan, ko inda za ta je ba a faɗa mata ba. Ni ban ce a tilasta wa sista ta sa wa mace ashana da hannunta ba, lamirinta nata ne. Amma a ce mata je asibitin gwamnati ko shan-magani na unguwarku akwai masu yi, wannan ma ya gagara?

Baba Katikis:
Allah ya ƙara mata lafiya ɗana. Ba zan ce maka koyarwa ta canza ba don ba ta canza ba, kuma ni a kanta zan mutu. Abin da na sani shi ne wasiƙar ta yarda a sha magani don warkar da ciwo ko da zai hana ciki, in dai ba hana cikin ake nufi ba. Halin yayarka kuwa ya fi ƙarfin katikis, zan kai wa Fada, limamin cocinmu, ranar Lahadi bayan Mas in ji abin da zai ce, zan kawo muku amsarsa a nan yadda ya faɗa ba ƙari ba ragi.

Anti Nas Bukuru:
Baba in za ka kai masa ka kai masa duka. Ka ce tiyata ta riga ta yi yawa, mahaifa na iya fashewa a ciki na gaba, mijin an kira shi ya ƙi zuwa asibiti, kuma al'adarta ba ta da tsari tun da ta haihu balle a lissafa. Ka tambaye shi a wannan halin me za ta yi daren yau, kuma in ta je an sa mata ashana za ta karɓi jibi ko ba za ta karɓa ba. Ɗan Tudun Wada kai kuma kada ku jira Lahadi, ka sa ta zo awon bayan haihuwa gobe da katinta, a duba jininta tukuna.